Lissafin Tsohon Akawu

Ni dai lissafi na sani.
Shekara talatin da ɗaya ina akawun albashi a barikin Ikeja,
baƙar tawada ga mai numfashi,
ja ga wanda ya riga mu.
Ban taɓa harba bindiga ba,
amma na san kuɗinta fiye da mai saɓa ta.

Babana, Kofur Tanko, ya sauka a Apapa daga yaƙin Bama
da akwatin ƙarfe, da tari, da lambar yabo guda biyu.
Ya ce tun kafin su tafi
aka bi garinsu ana tara gudummawa, kwabo-kwabo,
har tsohuwa mai ɗinkin faifai ta kwance bakin zane.
Gyaɗa ta tafi, kuza ya tafi,
samari suka bi sahu.
Da yunwa ta matsa, ya kai lamba ɗaya wurin maƙeri a Agege.
Maƙerin ya juya ta, ya cije ta,
ya ce, Kofur, mayar da abinka aljihu,
wannan ko mudun gero ba ta kai ba.

Sai namu, na cikin gida.
Okwudili mai shagon taya a Ebute Metta
ya ba babana makulli, ya nufi gabas.
Wata talatin.
Ya dawo rigarsa ta yi masa yawa,
ya je banki da littafin ajiyarsa na shekara tara,
aka miƙo masa fam ashirin ta taga.
A dakalinmu ya zauna ya ƙirga su sau uku
ko za su haihu.
Babana ya ba shi makullinsa,
ba wanda ya ce uffan, sai tarin nan.

Yanzu jikana Haladu ne ke daji, can arewa maso gabas.
Rediyo ya faɗi kasafin tsaro na bana,
na ɗauko fensir in rubuta,
sifilin ya cika layi, ya tsallake, ya faɗa gefen takarda.
Daren nan yaron ya bugo waya,
murya na zuwa tana yankewa:
Kaka, takalmina ya buɗe baki,
in da hali a turo min ɗan wani abu.
Kura da shan bugu,
gardin kuma ban san shi ba,
na dai ga gilashin benensa yana walƙiya in na bi ta Ikoyi.

Jiya Ladidi ta aike ni Mil Sha Biyu cefane.
Barau mai albasa ya faɗi farashi, na ce, rantse.
Ya ce, Baba, manomi ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka,
ya sake biya kafin ya cire,
direba ya biya shinge arba'in daga Sakkwato zuwa nan,
ni kuma a ina zan fanshe?
Na sayi uku, ƙanana.
Ashe yaƙin ya hau tirela ya biyo mu har Ikko,
yana zaune cikin tukunyar miya.

Kuɗin harsashi ɗaya, burodi nawa?
Na jirgin yaƙi, rijiya nawa, gadon asibiti nawa?
Na iya wannan, ko barci nake.
Abin da ya gagare ni
shi ne gurbin da zan sa shekarun Okwudili,
da huhun babana,
da matan da ke tsayawa a tagata da takardar gado,
goyo a baya, in ce su dawo wata mai zuwa.
Na faɗa musu haka. Sau da yawa.

An ɗauke wuta.
Janareton maƙwabta ya tashi, danfo na ta oda a titi.
Fanshona na wata uku bai shigo ba,
amma na tura wa yaron dubu takwas.
Wayar na gefen matashi.
Kwalbar jar tawada na nan cikin akwatin babana,
ta bushe tun tuni,
kuma na hana kowa ya zuba mata ruwa.